Tambaya da Amsa: Karan Dafi Yana Ƙara Jini Kuwa?

Tambaya: Assalamu alaikum. A gidanmu karan dafi ake tafasa wa mai jego don ƙarin jini. Yanzu ina da ciki wata biyar, an ce jinina ya yi ƙasa. Na ji masana sun gwada shi. Yaya ake gwajin, kuma zan iya dogara da shi? Daga wata mai karatu a Funtuwa.

Amsa: Wa'alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya raba lafiya. Jan nan da kike gani a tukunya rini ne na wannan nau'in dawa, shi dukawa ke rina fata da shi. Ba shi ne sinadarin ƙarfe da jiki ke gina jini da shi ba.

A ɗakin gwaji ana shanya shi a inuwa, a niƙa, a jiƙa kwana biyu ko uku, a tace, a ƙafar da ruwan sai tsantsar ta rage. Ana fara duba ko da guba, a riƙa ƙara wa ɓeraye har miligiram 5,000 kan kowane kilo na nauyinsu. In sun tsallake, sai a yi wa wasu allurar wani sinadari mai suna fenilhaidirazin, galibi miligiram 40 kan kilo, kwana biyu a jere, ta farfasa musu jajayen ƙwayoyin jini. A raba su: wasu a ba su tsantsar, misali miligiram 100, 200 da 400, wasu maganin asibiti, wasu kuma ruwa zalla. Duk mako a ɗebi jini a auna himogulobin, wato sinadarin da ke ɗaukar iskar oksijin a cikin jini.

Masu shan ruwa zallan nan su ne alƙalai, domin ɓera yakan mayar da jininsa da kansa cikin 'yan makonni. Wanda bai ajiye su ba, tsirin zai yaba a kan aikin da jiki ya yi. Babban abin lura kuma, ƙarfen ƙwayoyin da suka fashe yana nan cikin jikin ɓeran, sake amfani da shi yake yi. Mai ciki kuwa yawanci ƙarfen ne ya gaza mata. Ciwo biyu ne daban, sakamakon ɗaya ba ya hawa kan ɗaya. Ko da ya yi kyau a ɓera, sai an gwada shi a kan mutane, da rukunin kwatanci, wato waɗanda ba a ba su shi ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya na ɗaukar himogulobin ƙasa da 11 a matsayin ƙarancin jini ga mai ciki a wata ukun farko da wata ukun ƙarshe, ƙasa da 10.5 kuma a wata ukun tsakiya. Don Allah ki koma awo a duba miki zazzaɓin cizon sauro da tsutsar ciki. Ki riƙe ƙwayar ƙarin jini da aka ba ki kullum, ki haɗa da lemon zaƙi, kada ki kora da shayi, yana hana ƙarfen shiga jiki. Bayan sati huɗu a sake auna ki. In numfashi ya fara yi miki wuya, ko jiri ya matsa, ki tafi asibiti a ranar.