Tambayoyin Masu Karatu: Shin Hasken Lesa Yana Wasa Dutsen Giranda?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ina da shagon gyaran karanshaf, wato sandar da take juyawa a cikin injin mota, a Farin Gada, Jos. Dutsen girandata yakan yi sulɓi, ya riƙa ƙona ƙarfe har ya yi shuɗi, sai na sa tsinken daimon na kankare shi. Yarona ya nuna mini a waya yadda ake wasa irin wannan dutse da hasken lesa ba tare da an taɓa shi ba. Shin gaskiya ne? Idan na sayi ƙaramin injin lesa irin na masu zana suna a jikin kofi, zai yi mini aikin?

AMSA: Wa alaikumus salam, Maigida. Abin da yaronka ya nuna maka gaskiya ne, sai dai ina ba ka shawara kada ka fitar da kuɗinka, ga kuma dalili.

Dutsen giranda abu biyu ne a haɗe: ƙwayoyi masu kaifi waɗanda suke cin ƙarfe, da abin da ya manne su wuri ɗaya. Idan aiki ya yi yawa, ƙwayoyin sukan dakushe, garin ƙarfe ya toshe ramukan da ke tsakaninsu, sai dutsen ya koma goga ƙarfen maimakon yankarsa, daga nan ne zafi da shuɗin da kake gani suke fitowa. Duk mai injin niƙa ya san wannan, domin shi ma idan dutsensa ya yi sulɓi gari ba ya laushi sai an kai an wasa shi.

Dutsen da ake gyaran karanshaf da shi galibi na alumina ne, wani sinadari mai tauri da ake samu daga ma'adinin alminiyam, kuma daimon ya fi alumina tauri nesa ba kusa ba, shi ya sa tsinkenka yake kankare shi cikin sauƙi. Matsalar tana tasowa ne a masana'antun da suke ƙera sassan injin jirgin sama, da gilashin kyamara, da kayan yankan ƙarfe, inda ƙwayoyin dutsen su kansu daimon ne ko kuma CBN, wani sinadari da aka fara haɗawa a kamfanin General Electric na Amurka a 1957, wanda yake bin bayan daimon a tauri. Sau da yawa tagulla ce take riƙe da waɗannan ƙwayoyi. Idan aka sa daimon ya kankare daimon, tsinken ne yake cinyewa, siffar dutsen kuma ta karkace, alhali aikin da ake nema ba ya jure kuskuren da ya wuce 'yan maikiron. Maikiron ɗaya kashi ɗaya ne cikin 1,000 na milimita, kaurin gashin kai kuwa yakan kai wajen 70.

A nan ne lesa, wato haske mai ƙarfi da ake tattarawa a ɗigo ɗaya, ta samu shiga, kuma tun ƙarshen shekarun 1980 masu bincike a Madras (Chennai a yanzu) ta Indiya suka gwada ta a kan dutsen giranda. Ana harba hasken ne ƙyas-ƙyas, sau dubbai a daƙiƙa ɗaya, dutsen yana juyawa. Da yake tagulla tana narkewa ta ƙafe da ƙarfin hasken da bai kai ya lalata daimon ba, sai a saita ƙarfin hasken a tsakanin iyakokin nan biyu, ya zare tagullar kaɗan, ƙwayoyin su fito da kawunansu. Idan siffar dutsen ake so a gyara, sai a harbo hasken ta gefe ya shafi bakinsa, ya datse duk abin da ya yi tsini. Abin da ya fi burge ni a fasahar shi ne babu abin da yake danna dutsen, saboda haka ko mai siririn baki kamar reza ba ya lanƙwasa. Amma saitin yana da wuya ƙwarai: zafi ya ɗan wuce kima, fatar daimon ta rikiɗe ta zama baƙin gawayi irin na bakin fensir, kaifin ya tafi.

Injin masu zana suna ba shi da sandar juya dutse daidai, ba shi da na'urar auna abin da aka cire, kuma a kan alumina yana iya narkar da fuskar dutsen ta daskare da tsaga a ciki. Dutse mai tsaga da yake gudun dubban juyi a minti yana iya tarwatsewa a fuskar mai aiki. Ga kuma ido: yawancin irin wannan haske ba a ganinsa, amma ko wanda ya dawo daga jikin ƙarfe yana iya makantar da mutum.

Ka koma kan tsinkenka. Ka karkata shi da digiri 10 zuwa 15 ta inda dutsen yake juyawa, ka riƙa cin kamar milimita 0.02 a kowane wucewa, ruwan sanyaya yana zuba ba yankewa, sannan ka riƙa juya tsinken lokaci-lokaci don kada gefe ɗaya ya dakushe. Idan ƙarfen bai daina shuɗi ba bayan haka, to dutsen ya yi wa aikin tauri, sai ka nemi mai ɗan laushi a wurin mai sayar maka.