Amsa ga ɗan Addata mai shirin karatu a Amurka

Assalamu alaikum ɗana. Na saurari saƙon muryarka har sau biyu, ɗaya a mota ina hanyar aiki, ɗaya bayan isha'i. Ka ce a majalisarku ta Tudun Wada wani ya tabbatar maka jami'o'in Amurka suna ware wa baƙar fata kujeru, don haka da digirinka na Jami'ar Jihar Gombe shiga za ka yi salin alin. Sannan ka ce Adda ta kasa barci, ta ga bidiyon yadda ɗan sanda ya danne wuyan George Floyd a 2020, ta ce ita ba za ta ba da ɗanta ba. Na zaɓi in rubuta maimakon in yi murya, don ka zaunar da ita ka karanta mata a tsanake.

Mutumin majalisarku labarinsa ya kwana. Ranar 29 ga Yunin 2023 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci a shari'ar da aka shigar da jami'ar Harvard da ta North Carolina, ta ce daga ranar ba a duba launin fata wajen ɗaukar ɗalibi. Tun kafin nan ma ware adadin kujeru kai tsaye haramun ne, kotun ta hana shi tun 1978, abin da ta bari kawai a sa launin fata cikin abubuwan da ake aunawa. A Mishigan inda nake zaune, masu zaɓe sun soke tsarin a jami'o'in gwamnati tun 2006, Kalifoniya kuwa tun 1996. Kai da za ka zo da bizar karatu, a lissafin da jami'o'i ke miƙa wa gwamnati ba a ma sa ka a layin baƙar fata, layinka na baƙin ɗalibai ne, tare da ɗan Indiya da ɗan Sin. Da su za ka yi takara, kuma wallahi ba sa wasa. Abin da zai shigar da kai makinka ne, da wasiƙun malamanka, da farfesan da ya karanta abin da kake son bincike ya ga zai iya biyan ka ka taya shi aiki.

Amma kada ka ɗauka hukuncin ya kashe muhawarar. Har gobe ana yin ta a ofis da aji da gidan talabijin, kuma ranar da ka zo za a tambaye ka ra'ayinka don fatarka baƙa ce. Gara ka san inda aka faro.

An soke bauta a ƙasar nan a 1865, amma sai da aka ƙara kusan shekara ɗari ana raba makaranta da asibiti da wurin zama a bas. Kotu ta hana raba makarantu a 1954, dokar 'yancin jama'a ta zo a 1964. Shugaba Johnson ne a 1965 ya kawo misalin da har yau ake maimaitawa: mutumin da ya shekara da shekaru ɗaure da sarƙa, ba za ka kwance shi yau ka kai shi layin tsere ka ce ya kara da kowa, sannan ka ce ka yi adalci ba. Masu goyon baya a nan suka tsaya. Masu adawa kuma suna cewa yaron da aka hana kujera yau bai ɗaure kowa ba, kuma a shari'ar Harvard ɗalibai 'yan asalin Asiya ne aka ce an tauye. Akwai ma alƙali baƙar fata a kotun, Clarence Thomas, wanda ya fi kowa ƙin tsarin. Hujjarsa ita ce yana jawo wa baƙar fata raini, duk ƙoƙarinka sai a ce ɗaga ka aka yi.

Ranar da na fara jin wannan hujja ta Thomas sai da gabana ya faɗi, don ni na san zafinta tun ban taɓa hawa jirgi ba. A sansanin bautar ƙasa a kudu, wani da muke ɗaki ɗaya ya ji na ce daga Gombe nake, ya dube ni sama da ƙasa ya ce, “Aboki, da maki nawa aka ɗauke ka?” Ɗakin ya kwashe da dariya. Na kwana uku ina cizon yatsa. Abin haushin shi ne, ba ƙarya ce tsagwaronta ba. A jami'o'in tarayya kashi 45 na kujeru na cancanta ne zalla, 35 na jihohin da ke kewaye da jami'ar, 20 kuma na jihohin da aka ce suna baya a ilimin boko, kuma Gombe da Bauchi suna cikinsu. Makarantun sakandaren tarayya ma makin shiga ya bambanta daga jiha zuwa jiha. Raba daidai a ayyukan gwamnati yana cikin tsarin mulki tun 1979, har hukuma aka kafa masa. Mu ma muna da hujjarmu: Legas ta sami makarantar sakandare tun 1859, mu kuwa Turawan mulki sun taƙaita shigar makarantun mishan cikin masarautu. Ko a jiharmu kana ganin sawun abin, Kaltungo da Billiri inda mishan suka zauna da wuri sun riga wasu sassan shiga aji. Wato maganar Johnson ce muke yi da Hausa shekara da shekaru. Ni na san na ci jarrabawata da gumina, amma wancan ɗan'uwa da ya yi mini dariya wataƙila yana da ƙanin da ya fi ni maki aka bar shi a gida. Kowannenmu da abin da ke masa ciwo.

Duk da haka, da na zo nan a 2011 sai na manta da wannan duka. Na shiga sahun 'yan Afirka masu cewa baƙaƙen Amurka ragwaye ne, ga makaranta ga aiki sun ƙi yi. 'Yan Nijeriya har da sunan raini muke kiran su, akata, ina roƙonka kada bakinka ya saba da shi. Wata rana a ɗakin cin abinci na wurin aikinmu na saki baki a gaban wata dattijuwa baƙar fata 'yar Amurka, sa'ar Goggo, na ce ni da na zo da jaka ɗaya na yi digiri, su me ya hana su? Ba ta yi fushi ba. Ta ce ranar Asabar in shirya za ta nuna mini wani abu.

Ta kai ni wata unguwa a Ditiroit kusa da titin da ake kira Eight Mile. Akwai katangar kankare a bayan gidaje, tsayinta ƙafa shida, tsawonta kamar rabin mil, yanzu an yi mata zane-zane yara na wasa a gindinta. An gina ta a 1941. Wani mai gina gidaje ne ya so gwamnati ta tsaya wa rancen unguwar farare da zai gina, aka ce akwai baƙaƙe a maƙwabta, sai ya ja katanga tsakaninsu aka amince. Ta ɗora hannu a kanta ta ce mahaifinta a wannan ɓangaren ya tashi, ya yi aiki a masana'antar mota har ƙarfinsa ya ƙare, banki bai taɓa ba shi rancen gida ba. A nan gida shi ne gado, da shi ake cin bashin kai yaro jami'a, kuma harajin gidajen unguwa yana cikin abin da ke riƙe makarantar unguwar. Sai ta juyo ta tambaye ni, a garinku mutum nawa ne suka iya biyan kuɗin jirgi suka zo? Na yi shiru. Mu da muke zuwa tsintattu ne, waɗanda suka riga suka yi karatu, masu kawu a waje irinka. Kwatanta mu da jama'a guda da aka danne ɗaruruwan shekaru kamar a ɗauki zakaran ajin wata makaranta ne a auna shi da dukan yaran wani gari. Kuma dokar shige da fice ta 1965 da ta buɗe wa irinmu ƙofa, a kan guguwar gwagwarmayarsu ta zo. Su suka sha duka da cizon karnuka, mu muka tarar da inuwa.

Suna da wani ƙorafi da ya kamata ka sani. Tun 2004 wasu manyan malamai baƙaƙe na Harvard suka yi magana cewa yawancin ɗalibai baƙaƙe a jami'ar 'ya'yan baƙin haure ne daga Afirka da Karibiyan, ko masu ruwa biyu, jikokin bayi kuwa su ne 'yan tsiraru. Da na ji haka sai na tuna gida. Kujerar da aka ware wa Gombe, sau nawa take kaiwa ga ɗan manomi a ƙauyen Dukku ko Nafada? Galibi a unguwar manya take tsayawa, hannun yaron da ya yi makarantar kuɗi a Abuja, takardar shaidar ɗan jiha ce kawai ta haɗa shi da garin. Idan ka tambaye ni ra'ayina, shi ne wannan: wanda aka bari a baya yana da haƙƙin a miƙa masa hannu, amma in ba a duba aljihun ubansa da irin makarantar da ya fito ba, tallafin zai ƙare a gidan da ba ya buƙata. Kuma tallafin da ake yi a ƙofar jami'a ya makara, tun firamare aka yi ɓarnar. Sai dai ba na cikin masu cewa launi ya daina aiki. Bayan hukuncin, a jami'ar MIT baƙaƙe cikin sababbin ɗalibai sun sauko daga kusan kashi 13 zuwa 5. Kuma waɗanda suka fi ɗaga murya kan cancanta ba kasafai suke maganar fifikon da wasu manyan jami'o'i ke ba 'ya'yan tsofaffin ɗalibansu ba, wanda mu a gida muke kira sanayya.

Yanzu maganar Adda. Tsoronta yana da tushe, ba zan yi mata ƙarya ba. A 1999 'yan sanda a Niyok suka harbi wani Bafulatanin Gini, Amadou Diallo, a ƙofar gidansu, harsashi 41, alhali walat ya ciro. Ɗan sanda da dare bai san kai ɗan Gombe ne mai digiri ba, fata yake gani. Ni an tsayar da ni sau uku cikin shekarun nan. Abin da maƙwabcina baƙar fata ya koya mini shi nake yi: in kashe mota, in kunna fitilar ciki, in sauke gilashi, hannuwa biyu a kan sitiyari, ba na taɓa aljihu sai na faɗi abin da zan ɗauko an ce in ɗauko. Al'adarmu ta fitowa daga mota a je a gaisa da ofisa, ko a ce masa a duba mana, ka bar ta a shingen Alƙaleri. Duka ukun lafiya muka rabu, ɗaya ma haƙuri ya ba ni. Ki kwantar da hankalinki Adda, yawancin kwanakin mutum a nan aiki ne da sanyi da kewar gida.

Wariyar da za ka fi haɗuwa da ita marar hayaniya ce. Ɗakin haya da aka ce akwai a saƙo, ka je a ce yanzu aka kama. Mai shago da ke bin ka da ido. Wasu masana sun taɓa aika takardun neman aiki na gwaji iri ɗaya, sunaye kawai suka sauya, masu sunan farare suka fi samun kira da kusan rabi. Kai kuma kaya uku za ka ɗauko: fata, da suna na Musulmi, da koren fasfo. Tun da wani ɗan Arewa ya yi yunƙurin tayar da bam a jirgin da ke sauka nan Ditiroit ranar Kirsimetin 2009, mun sha tsayawa a layin bincike na biyu. Za a yi maka barkwancin ɗan damfarar intanet, za a tambaye ka Boko Haram. Ka amsa a taƙaice, ba kai ne kakakin Nijeriya ba. Kuma kada ka yi mamaki in ka ji ƙanshin abin har a wasu masallatai, inda za a yi sahu da kai kafaɗa da kafaɗa amma maganar aure ta taso a sauya fuska. Ba zan ɗaga murya da yawa a kan wannan ba, don na san abin da ake faɗa a zaurukanmu in yaro ya kawo yarinyar da aka ce asalinsu bayi ne, ko irin sunayen da muke kiran mutanen kudancin jiharmu da su in ba sa kusa.

Idan wani ya zalunce ka a makaranta, rubuta rana da lokaci da abin da aka faɗa, ka kai ofishin baƙin ɗalibai. Nan takarda ake ji, rantsuwa ba ta aiki. Amma kada kowane maki mara kyau ya zama wariya a wurinka, wani lokacin aikin ne bai yi ba, kuma farfesan da ya cika maka takarda da jan biro sau da yawa shi ne mai son ka.

A takardar bayanin kai da za ka rubuta, hukuncin kotun bai hana ka faɗin inda ka fito ba. Ka ba su labarin aikin da ka yi a kan zaizayar ƙasa a kwarurrukan Gombe, yadda ka auna, abin da ka gano. Kada ka tsaya neman tausayi. Maganar biza kuma tana sauyawa kamar hadarin Agusta, ko a Yulin 2025 an rage wa 'yan Nijeriya yawancin bizar da ba ta zama ba zuwa wata uku da shiga sau ɗaya, don haka kafin ka biya ko sisi ka duba shafin ofishin jakadancinsu da idonka, ban da ta bakin ejan. Ka nemi Kanada da Jamus ma a lokaci guda.

Turo mini sakamakonka na shekara huɗu da sunayen malamai uku da za su yi maka wasiƙa, mu fara tace jami'o'i ranar Lahadi. Ka gaida Adda da Goggo, ka ce musu yajin da aka aiko ya iso, kilishin ne jami'an kwastan suka riƙe a filin jirgi.

Kawunka.