Wukar Baba ko ta zamani, wacce zan rike?

TAMBAYA: Salamu alaikum Yaya. Ni mai sayar da tsire ne a Garwa, Babana ya bar min wata tsohuwar wukar aljihu baka, siririya, an rubuta Douk-Douk a jikinta. Abokaina suna ta min tsiya wai wukar kakanni, in je kasuwa in sayi irin ta yanzu mai kyalli wadda ake budewa da babban yatsa. Shin da gaske na zamani sun fi ta ne?

AMSA: Wa alaikumus salam kanena. Kar ka kuskura ka rabu da ita. Douk-Douk din nan kamfanin Cognet ne yake kera ta a garin Thiers na Faransa tun 1929, kuma kasashen da Faransa ta yi wa mulkin mallaka a Afirka suna cikin inda ta fi karbuwa, har suka fitar da wata mai suna El Baraka da alamar Agadas a marikinta don musulmi, tunda asalin zanen hoton wani dodo ne na tsibiran Melanesiya. Ga Okapi ma mai zobe, daga Jamus ta faro a 1902 kafin aikin ya koma Afirka ta Kudu a 1988, ga Opinel mai marikin itace tun 1890.

Abin da ya sa dattawa ba sa sakinsu shi ne karfen. Yawancin tsofaffin bakin karfe ne ba inoks (farin karfen nan da ba ya tsatsa) ba, yana tsatsa kam in ka bar shi da jini ko ruwan lemun tsami, amma in ta dakushe ka goga ta a dutsen wasa ko ma gindin kofin tangaran sai kaifi ya dawo kamar aska, kai da kake yanka nama tun la'asar har dare ai ka san darajar wannan. Kuma ba ta da tarkace, karfe ne aka nade da sifirin guda, kurar hunturu ta shiga ka hure ka diga mata man gyada shikenan.

Na zamani fa ban ce ba su da kyau ba. Na ainihi suna da makulli mai rike ruwan wukar kada ya nade maka a yatsa, taka ba ta da shi, sifirin ne kawai, don haka ba a soka abu da ita da karfi. Suna jimawa ba su dakushe ba, sai dai ranar da suka dakushe wasa su aiki ne, ga tsada. Wadanda abokanka suke nuna maka a tire a bakin titi kuwa yawanci jabu ne, fenti da kyalli, bayan an dan mora sukurorin su saki ruwan ya fara rawa. Mai maballi da ke fitowa fat din nan ma ni ban ba ka shawara ba, ka hadu da jandarma a hanyar Marwa da ita a aljihu sai dogon bayani.

Ga babban aiki irin fida ko yankan layya, duk biyun ka ajiye su, ka je wajen makeri ya kera maka doguwa mai kube. Ta Baba kuma ka rika goge ta ta bushe kafin ka nade.