Wa Za a Tuhuma Idan Inshorar Lafiya Ta Gaza?

Malam, ka tambaya wa za a kama da laifi idan ana cire wa ma'aikaci kuɗin inshorar lafiya daga albashinsa, amma ya je asibiti a ce babu magani.

Da farko sai ka tantance shirin da kake ciki, domin ma'aikatan tarayya suna ƙarƙashin NHIA, hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, wadda dokar 2022 ta kafa a madadin tsohon shirin NHIS, su kuwa na Jihar Kaduna suna ƙarƙashin KADCHMA, hukumar inshorar lafiya ta jihar. Kuɗin yakan bi hannuwa da dama kafin ya isa asibiti, shi ya sa kowa yake ɗora wa wani alhakin, alhali a ganina shugaban hukumar da aka damƙa wa amanar ne ya kamata ya fara amsa tambaya.

Ka rubuta wa hukumar ƙorafi, ka haɗa da takardar albashinka, ka riƙe kwafin da aka buga wa hatimi, don maganar baki ba ta zama shaida. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba hukuma kwana 7 ta amsa buƙatar bayani. Idan aka yi shiru, sai ku haɗu da ƙungiyar ƙwadagonku ku kai kuka gaban kwamitin lafiya na Majalisar Dokokin Jiha, in kuma akwai alamar almundahana, ku nufi ICPC, hukumar yaƙi da cin hanci da rashawa.