Wasan ruwa na yara ƙanana a tsakar gida

'Yar'uwa, kin tambayi yadda ɗanki mai shekara 2 zai yi wasan ruwa a zafin Maris ɗin nan ba sai kun je bakin tekun Labadi ba. Ni nan unguwar Nima a Accra baho nake ajiye wa tawa a inuwa bayan la'asar, ruwa iya idon sawu, in ba ta kofin roba da soso da gorar ruwan Voltic da na huhhuda da ƙusa, ai sai ta yi ta zubawa tana ihu har magariba. Amma fa kada ki matsa ko waya ce ke ƙara, ɗan ruwan nan ma yana kashe yaro in ya kifa. Kuna gamawa ki zubar ki kife bahon saboda sauro.