Tambayi Likita: Mutuwar jariri a ciki ko kafin suna

Tambaya: Likita, ɗana na fari yana raye, amma biyu da suka biyo shi duk ba rai na haife su. Dangin miji sun ce wabi nake yi. (Wata uwa daga Kurna)

Amsa: Allah ya sa masu ceto ne, 'yar'uwa. Ni dai kalmar wabi ba ta gamsar da ni, don sau da yawa akwai dalilin da awo zai nuna. Da na ji na fari ya rayu, na baya suka tafi, sai hankalina ya koma kan rukunin jini. Idan jininki Rhesus negatif ne, na maigida fozitif, jikinki kan iya yaƙar jinin 'ya'yan da za su biyo baya. Allurar Anti-D cikin awa 72 bayan haihuwa ita ke hana hakan, amma idan jikin ya riga ya fara yaƙin, sai dai sa ido sosai a kan cikin. Sauran dalilan su ne hawan jinin da ke kai ga jijjiga, ciwon siga, maleriya, tunjere, da rabuwar mabiya daga jikin mahaifa kafin lokaci. Ku je Asibitin Malam Aminu Kano ko na Murtala ke da maigida tun kafin wani cikin ya shiga. In ya shiga, ki fara awo da wuri, ki karɓi Fansidar na rigakafin maleriya, ki kwana cikin gidan sauro. Ranar da motsin ɗa ya ragu, kada ki kwana a gida.

Tambaya: Matata ta kwana biyu tana naƙuda a gida. Yaron bai yi kuka ba, washegari ya koma. (Magidanci daga Ɗorayi)

Amsa: Allah ya ba ku haƙuri, Malam. Alamu sun nuna iska ce ta yanke masa a doguwar naƙuda. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce fiye da kashi 40 cikin 100 na jariran da ake haifa ba rai, a lokacin naƙuda suke mutuwa. Nan gaba ka tanadi kuɗi da mai adaidaita tun ciki na wata bakwai, ka kuma bar izinin fita ko ba ka gida. Allurar naƙuda a ɗaki ko a kemis kuwa, tana iya fasa mahaifa.

Tambaya: Gasa cibiya da tsumma laifi ne? Haka muka yi wa namu. (Kaka daga Gwammaja)

Amsa: Hajiya, a bari. Tsumma, toka da man goge baki duk ƙofar cuta ne, maganin shafawa a cibiya da ake kira Chlorhexidine ya wadatar. In jariri ya ƙi kama nono, jikinsa ya yi zafi ko sanyi, ko shawara ta fito a ranar farko, a kai shi Asibitin Yara na Hasiya Bayero nan take, kada a jira a yi suna.