Amsa: Me ya haɗa maiƙo da rarraba furotin a cikin yis?

Ɗan'uwa, ka tambayi yadda inzayim (furotin mai hanzarta aikin sinadarai) mai aiki a kan maiƙo zai shiga harkar kai furotin inda ya dace a cikin ƙwayar yis, wato ƙwayar halittar da ke kumbura burodi. Abin da ke faruwa shi ne, waɗannan inzayim suna buga wa fatar kowane ɗaki na ƙwayar tambari, kamar yadda ake rubuta sunan gari a jikin buhu a tasha.

Ɗauki ɗaya daga cikinsu, Vps34. A 1993 ɗakin binciken Scott Emr a Amurka ya nuna cewa aikinsa liƙa fosfet ne a matsayi na 3 na maiƙon fosfatidilinositol, sai a samu maiƙo mai suna PI3P, wanda shi ne tambarin, a fatar endosom, wato ɗakin da ake tantance kaya a kan hanya. Wani furotin mai suna Vps15 ne ke tayar da Vps34. Furotin masu sashen PX ko FYVE suna gane wannan tambari su kama. Cikinsu akwai Vps5 da Vps17, waɗanda ke taimakawa a mayar da Vps10 daga endosom zuwa Golji, wato ɗakin da ake shirya furotin a aika da shi. Shi kuwa Vps10 shi ne ɗan dakon da ke ɗaukar inzayim CPY, mai narkar da furotin, daga Golji a kan hanyar bakiyul, wato rumbun narkar da kaya. In aka lalata Vps34, sai CPY ya ɓata hanya, ƙwayar ta fitar da shi waje. A ganina wannan gwajin ya fi kowanne gamsarwa.

Wani inzayim kuma mai suna Fab1 yana ƙara fosfet na biyu a kan PI3P. In babu shi, bakiyul kan kumbura ya kusa cika ƙwayar.